Izinin da Kodineta Ya Ƙi Saki

Wanda ya kashe aikin nan ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba. Mutum ne da ba ya iya sakin abin da ya riƙe, ko da ya fi ƙarfin hannunsa. Kodineta ake ce masa.

Su tara ne a ƙungiyar, duk 'yan sa-kai, suna fassara wata manhajar rubutu ta kyauta zuwa harshensu, irin manhajar da kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara. Ƙa'idar ita ce, duk layin da aka fassara sai mai dubawa ya danna amincewa kafin ya shiga, kuma harshen da bai kai kashi tamanin cikin ɗari ba ranar rufewa, cire shi ake yi. Kodineta kaɗai ke da izinin dannawa. Shi ne kuma mai talla.

To, tallar ta fi masa daɗi. Yau gidan rediyo, gobe wurin mai buga fosta, layuka kuwa na taruwa kamar wanki.

Wata tsohuwar malamar makaranta, wadda ta fi kowa fassara, ta tare shi a shagon mai gyaran kwamfuta inda suke haɗuwa.

"Ɗana, layi dubu biyu na jiranka. Ka ba wani izinin mana."

"Haba Mama! In kowa ya zama liman, wa zai bi sahu? Ran Asabar zan duba."

Mai gyara ya ce, "Asabar ɗinka ta fi ta kowa nisa, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, har da Kodineta.

Ranar rufewa ta zo ta wuce yana rabon rigunan talla, bai ma sani ba. Ranar ƙaddamarwa malamai suka cika zaure. Ya buɗe jerin harsuna a majigi, ya gangara har ƙasa, ya sake haurowa, gumi na keto masa. Nasu babu.

Mama ta cire tabarau, ta ninke, ta fita. Dama likita ya hana ta kallon kwamfuta, wata shida tana saɓa masa don wannan rana. Washegari Kodineta ya aika saƙo, ya raba wa duka takwas ɗin izinin. Ko saƙon babu wanda ya buɗe.

Darasin a fili yake. Ɗan sa-kai ba igiya ke riƙe shi ba, ganin guminsa ya yi amfani ne. Wanda ya hana makulli lokacin da ake roƙonsa, zai raba shi bayan ɗaki ya zama kango. Kuma kafin ka zagi Kodineta, kai ma akwai aikin mutane kwance a hannunka, ka ƙi yi, ka ƙi saki. In ƙarya nake, fito ka musa.