Ɗakin Baƙin Kurege Ya Yi Tsiro

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

Kurege ne ya tsaya a bakin kasuwa, ya baza wutsiya, ya ce duk garin nan babu mai tsabta irin tasa. Shi ba ya ajiye tarkace. Abu in ya tsufa, sai rafi. Maƙwabciyarsa Bushiya tana gefe tana tallan daddawa, ta yi tari.

Dalilin cika bakin nan kuwa, labari ya zo cewa Hajiya Akuya, uwar fataken goro, za ta shigo gari neman masaukin 'yan kwanaki. Gidan da ya yi mata, nan ayarinta zai riƙa sauka haya duk shekara. Kurege ya rantse gidansa ne.

To, ɗakin baƙin Kurege, in ka tura ƙofa, ita ma sai ta turo ka. Fasassun ƙore, takalmi ƙafa ɗaya, tulu ba gindi, tsumma kan tsumma, ga gyaɗar da yake ɓoyewa tun kaka. Ya ɗauki ƙwarya zai jefar, ya ce, "A'a, wannan ɗinki kawai take so." Ya ɗauki takalmi zai jefar, ya ce, "A'a, wata rana ɗan'uwansa zai dawo." Ya ɗauki tulu zai jefar, ya ce, "A'a, ko bai riƙe ruwa ba ya riƙe zumunci." Har rana ta take tsaka bai jefar da ko tsinke ba.

Sai dabara ta faɗo masa. Haƙa dai gadon gidansu ne. Ya haƙa rami a tsakiyar ɗaki, ya tura komai ciki har da gyaɗar, ya mayar da ƙasa, ya baza farin yashi. Ya shafe bango da farar ƙasa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya ajiye buta da randa, ya turara ɗaki. Ya ja da baya ya duba, shi kansa sai da ya gaishe da kansa.

Hajiya Akuya ta iso, ta leƙa, ta shaƙi ƙamshi.

Ta ce, "Maigida, ina kayan ɗakin?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, baƙo sarari yake so. Duk na zuba a rafi, ko waiwaye ban yi ba."

Ta ce, "Kai, madalla. Ga shi yashin nan da sanyi."

Shi ke nan, an yabi yashi, kan Kurege ya kumbura. Da safe ya yayyafa masa ruwa, da rana ya yayyafa, da yamma ya yayyafa. Kuma ba ya bi da ƙwaryar ruwan sai ta ƙofar Bushiya, don ta gani.

Gyaɗa kuwa ba ta san da baƙuwa ba. Ta ji ruwa, ta ce damina ta faɗi.

Wata safiya Hajiya ta ƙwala kira. "Maigida! Mene ne wannan ke ɗaga mini tabarma?"

Kurege ya shigo, ya ga kore shar daga bango zuwa bango. Amma bakinsa bai mutu ba.

Ya ce, "Au, har ya fito? Lambun baƙi ke nan, Hajiya. Ni na fara shi a ƙasar nan. Baƙo ya farka, ya miƙa wuya, ya karya kumallo."

Hajiya ta ce, "Wallahi har Gwanja na je, ban ga irin wannan karamci ba. Ayari ya sami gida."

Kurege ya baza wutsiya har tana share bango.

Sai dai Akuya ba ta tsinkar ganye, fizga take yi. Ta fizga, takalmi ya biyo saiwa. Ta fizga, ga wuyan tulu. Ta sa ƙaho ta tona, ga tsumma, ga ƙore, ga tsumma.

Kurege ya toshe hanci. "Subhanallahi! Aikin wanda ya riƙe gidan kafin ni ne. Wani ƙazami, Allah ya shirye shi."

Hajiya ta ce, "Tun da ba naka ba ne, da sauƙi." Ta leƙa ta katanga. "Baiwar Allah, ɗan sam mana garwashi."

Bushiya ta kawo da saurinta, ta kuma samu wuri ta zauna.

Aka tara kaya a tsakar gida, aka cinna musu wuta. Ƙwarya ta kama, Kurege ya yi murmushi. Tsumma ya kama, Kurege ya yi murmushi, wutsiya tana rawa. Sai Hajiya ta ɗago wata hula da asu ya cinye rabinta. Kurege ya yi tsalle ya cafke.

"Ban da wannan, Hajiya! Da ita aka ɗaura mini aure!"

Bushiya ta ce, "Kai aka ɗaura wa, ko ƙazamin?"

Hajiya ta dube shi, ta dubi ramin, ta ce, "Maigida, ashe rafin naka a ƙarƙashin tabarmata yake gudu." Ta juya wajen Bushiya. "Baiwar Allah, ke kina da ɗaki?"

Ƙurunƙus kan kurege da rabin hula. Wanda duk zai binne tarkacensa don baƙo, ya daure ya fara soya gyaɗar.