Fararen Kajin Namalwa

Akwai wata mata a ƙauyenmu na kusa da Bungoma mai suna Namalwa. A zamanin nan da ba a san kajin gona ba, kowa ya san gidanta da fararen kaji, farare sol kamar auduga. Mahaifiyarta ce ta bar mata irin, shi ya sa take ji da su kamar 'ya'yan cikinta.

Maƙwabciyarta Khakasa kuwa kajinta baƙaƙe ne da jajaye da masu wake-wake. Farin zakaran Namalwa ya riƙa tsallaka shinge yana bin kajin Khakasa, abin yana ƙona ran Namalwa. Har ta taɓa ce mata a gaban mata wajen ɗiban ruwa, "Maman Barasa, ki tsare tarkacen kajinki, kar su ɓata min iri."

Khakasa ta yi dariya kawai, ta ce, "Ai naki ne mai zuwa zance, Maman Nekesa."

Namalwa ta toshe shingen, ta daina ko gaishe ta. 'Yan tsakin da kajin Khakasa suka ƙyanƙyashe a lokacin duk suka fito da duhun gashi, babu fari ko ɗaya, aka manta da zancen.

Wata damina annoba ta shigo ƙauyen. Kajin Namalwa suka mutu kaf, har zakaran. Takan zauna bakin akurki da hantsi, tana tuna yadda mahaifiyarta ke watsa musu tsakin masara tana kiransu da sunaye. Ji ta yi kamar yanzu ne ta binne tsohuwar.

Khakasa ma ta yi asara, 'yan kaɗan ne suka tsira mata. Da wata baƙar kaza ta ƙyanƙyashe, sai ga wasu 'yan tsaki daban a cikin baƙaƙen. Ta jira har gashinsu ya fito fari tas, sannan ta zuba su a kwando ta nufi gidan Namalwa.

Namalwa ta leƙa kwandon. Khakasa ta bayyana mata cewa uwar da uban duk 'ya'yan farin zakaran nan ne. Farin ya ɓuya a jininsu, sai a jikoki ya bayyana.

"Kajin Mama ne," in ji Namalwa, hawaye na zuba. "Ni da na ci miki mutunci?"

"Karɓi kwandon, hannuna ya gaji."

Ran nan tare suka ci ugali, wato tuwon masara, da ganyen wake. Da Khakasa ta tashi tafiya, Namalwa ta riƙe zanenta, cikin jin kunya ta roƙe ta ta ƙara mata da baƙar kaza guda.

Darasi: Kada ka raina na kusa da kai don abinka ya fi nasa kyau. Wata rana a hannunsa za ka sami abin da ka rasa. Ku tura wa maƙwabtanku su ma su karanta.