Kiɗan Da Troels Ya Ɓoye

Akwai wani ɗalibi mai suna Troels a wata makarantar kiɗa a birnin Aarhus, yana shekarar ƙarshe a sashen salon kiɗan da ake kira jazz. Gwanin fiyano ne, amma irin mutanen nan ne da ko gaishe su ka yi sai sun tambayi kansu me kake nema.

Jarrabawar fita ta matso. Kowa zai tsara kiɗansa, ya nemi abokan karatu su kaɗa tare gaban malamai uku. Troels ya ɗauki Solvej mai ganga da Asger mai busa saksofon, ya ba su takardar kiɗan tun saura wata guda.

Wata safiya yana jingine kekensa sai ya jiyo kiɗansa daga ɗakin gwaji na tara. Washegari ma haka. Asger ne shi kaɗai, yana maimaita layi ɗaya ya fi sau ashirin.

Nan fa zuciyar Troels ta fara saƙe-saƙe. Me zai sa mutum ya haddace kiɗan wani alhali ga takarda? Ga shi kuma an ce Asger na shirin fitar da faifai. Ko sace masa kiɗan zai yi?

Da ya gaya wa Solvej, dariya ta yi. "Kai dai Troels, ko burodi ka ajiye sai ka sa masa alama. Ka tambaye shi mana."

Bai tambaya ba. A ɓoye ya tsara sabon kiɗa, ya ba Solvej nata, ya riƙe na Asger har safiyar jarrabawa. Yana miƙa masa ya ce ai ɗan shekarar ƙarshe kallo ɗaya ya ishe shi.

Aka hau dandali. Ganga ta shiga, fiyano ya shiga, aka zo wurin saksofon, shiru. Asger ya kai takardar har bakin hancinsa, ya busa abin da ya iya, ya ɓace. Kiɗan ya watse a gaban malamai, suka ce Troels ya dawo baɗi.

A waje Troels ya tare Asger yana huci. Asger ya dube shi ya ce:

"Idona ne, abokina. Tun bara ba na ganin ƙananan rubutu. Ban faɗa ba don kada a daina kirana kiɗa. Naka na haddace don kada in ba ka kunya."

Ya ɗaga saksofon ya busa tsohon kiɗan daga farko har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Troels bai taɓa jin ya yi daɗi haka ba, kuma babu malamin da ke wurin.

Darasi: Zargi ba hujja ba ne. Kafin ka yanke wa mutum hukunci a zuci, buɗe baki ka tambaye shi. Wataƙila wahalar da ka ga yana sha, dominka yake shan ta. Ku tura wa 'yan uwa, wani na gab da rasa aboki a kan zato.