Dalilin da Ya Sa Tururuwa Ke Haɗa Goshi a Hanya

Dalilin da ya sa tururuwa ba ta wuce 'yar'uwarta a hanya sai sun tsaya sun haɗa goshi, ko da kaya a kanta, shi zan gaya muku yau. Ku daina watsa musu ƙasa ku saurara. Ni dai duk sanda na tuna labarin nan sai raina ya ɓaci.

A da can, akwai wani a cikin tururuwa mai suna Jatau. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, wannan kam ba mai musu. Shi ya fito da tafiya a layi, shi ya gano cewa in aka gutsure kan ƙwayar gero ba ta tsira a rumbu. Saboda haka aka naɗa shi Sarkin Aiki. Da kaka ta zo, sai ya ce gaisuwa ce ke cinye musu yini. Ya kafa doka: daga gona zuwa rumbu ba tsayawa, ba waiwaye, ba "ina gajiya", sai an gama jidar hatsi. Aiki kuwa ya yi sauri, kowa na ta sa masa albarka.

To, akwai wata mai suna Barmani, ita da mahaifiyarta Inna Daso kaɗai suka rage a ɗakinsu. Jatau ya tura Barmani gona mai nisa, can suke kwana. Inna Daso kuma, da yake ta manyanta, aka bar ta a hanyar kusa, wadda ta bi ta gindin itacen dakwara.

Rannan Jatau ya zo zagaye, Barmani ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, yaya Inna?"

Ya ce, "An ce mini tana zaune a gindin dakwara tana wayyo, ta kasa tafiya. Ina ji na gane matsalar. Tsohuwa, ga aiki, ga rana, ai yunwa ce. Na riga na tsara komai. Duk wanda ya zo wucewa ya jefa mata ƙwaya ɗaya. Ita ta ƙoshi, layi bai tsaya ba."

Barmani ta ce, "Ka gan ta, ranka ya daɗe?"

Ya yi dariya. "Ke yarinya, mai kai ba sai ya gani ba."

Kun ji fa! Ita ma Barmani, sakarya, sai dabarar ta burge ta. Ta yi godiya, har ta zaɓi ƙwaya mai kyau ta ba shi ya aika wa Inna.

Kwana ɗaya, kwana biyu, hankalinta ya ƙi kwanciya. In yunwa ce, ai wadda ta ci ta ƙoshi tashi take yi. Ta tambayi masu kawo saƙo, wannan ya ce, "Na jefa mata tawa." Wancan ya ce, "Ni biyu ma na jefa." Babu ko ɗaya da ya ce ya ga fuskarta. Rana ta uku da hantsi Barmani ta yar da kayanta ta fice daga layi, ana ta kiran ta ba ta juyo ba.

Da ta isa gindin dakwara, tsibin gero ta tarar ya fi ta tsawo. Ta zagaya bayansa. Ga Inna Daso kwance, ƙafafunta na baya sun nutse cikin ƙaro, wannan danƙon da ke ɗiga daga jikin itacen, ya bushe ya riƙe ta tamau. Geron kuwa duk can gaba ya zube, bakinta bai kai ko ƙwaya ɗaya ba. Tsibin ya tare ta, ya tare muryarta.

"Inna!"

Tsohuwar ta buɗe ido da ƙyar. "Ƙafata ce, Barmani. Tun shekaranjiya nake ce musu ƙafata ce."

Barmani ta kama ta ta ja, ta ja har wuyanta ya sage, ƙaro ya ƙi saki. Ta ruga bakin hanya tana ihu, "Jama'a, ku taimaka! Mutum uku kawai!" Na farko ya jefa ƙwaya, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ya wuce. Ta biyu ta jefa, ko kallo ba ta yi ba. Na uku ma ƙwayarsa a kan Barmani ta faɗo. Wallahi kowannensu tafiya yake yana jin ya sami lada.

Nan fa zuciya ta ɗebe ta. Ta faɗa tsakiyar hanya ta kara wa mai zuwa goshi, gum! Ta riƙe shi ido cikin ido ta ce, "Dube ni! Me na ce maka?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Ai... ai yunwa aka ce."

"Ni na ce maka yunwa? Biyo ni!"

Haka ta tare uku. Su huɗu suka sa baki suka ɓamɓare ƙaron, kafin ku ƙirga goma sun gama. Aikin ke nan duka, yara, aikin da ya gagari gari guda kwana uku. Amma da suka ɗago Inna Daso, rai ya riga ya yi halinsa.

Layi ya tsaya cak. Sai ga Jatau a guje yana faɗa, "Wa ya tsai da mini aiki?" Da ya ga gawa sai ya sassauta murya. "Allah ya jiƙan ta. Amma ki duba tsibin nan, Barmani. Ba a taɓa yi wa kowa hidima irin wannan ba."

Barmani ba ta durƙusa ba, ba ta kuma ce ranka ya daɗe ba. Ta ce, "Jatau, ka tambaye ta abin da ke damun ta?"

"Ai a fili yake..."

"Ka tambaye ta? Taku goma ne daga hanya zuwa nan. Kai mai ƙwaƙwalwa, da ka zo ka duba, da kai za ka fara gano yadda za a cire ta. Ka zauna can ka yanke mata ciwo, mu kuma muka bi ka kamar tumaki. Har da ni! Ga ƙwayata can a sama, ita ma ta taya ku rufe ta."

Jatau ya matso kusa da Inna Daso. Ya sunkuya ya ɗauki gawar da kansa.

Tun daga ranar Barmani ba ta sake barin kowa ya wuce ta ba. Duk wadda ta gamu da ita sai ta sa goshinta a nata ta ce, "Lafiya kike? Faɗa mini da bakinki." Ba ta matsawa sai ta ji amsa. Waɗanda suka jefa gero, kunya ta hana su ƙi, su ma suka ɗauka, 'ya'yansu suka tashi suka tarar.

Shi ya sa har yau, in kuka tsugunna kuka duba layin tururuwa, za ku ga komai saurinsu sai sun tsaya sun haɗa goshi kafin su rabu. Ba su daina layin Jatau ba, don dabara ce mai kyau. Tsibin geron nan kuwa babu wanda ya iya cin ko ƙwaya ɗaya daga ciki, nan suka bar shi a gindin dakwara har damina ta zo ya tsira.