Waziri Rinzin da Mashigin Gishiri

An ce a zamanin da, can cikin duwatsun Himalaya, akwai wata 'yar ƙasa da ta maƙale a jikin tsauni. Gindinta kurmi ne mai zafi da ayaba, tsakiyarta gonakin shinkafa ne hawa-hawa, samanta kuwa ƙanƙara ce fari fat, rani da damina. Arzikinta duka wani mashigi ne a can ƙololuwa, inda fatake ke sauko da gishiri da ulu daga arewa.

Wata rana Sarkin Kudu, mai giwaye da dakaru, ya aiko jakadansa Mahidar wurin Sarki Tobden mai wannan 'yar ƙasa, ya ce a miƙa masa mashigin, ko ya zo ya karɓa da kansa.

Sarkin Yaƙi ya ce a ɗaura ɗamarar yaƙi. Waziri Rinzin kuwa ya san bakansu ba zai tare giwa ba, sai ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba shi. Amma a bar ni in kai jakada ya ga abin da ya zo karɓa."

Sarki ya dube shi ya ce, "In mashigin nan ya fita daga hannunmu, Waziri, kanka ma zai bi shi."

Ya ce, "Na yarda, ranka ya daɗe."

Suka kama hanya a ƙarshen damina. Jakada na bisa giwa, Waziri na ƙasa da sandarsa. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, matsattsaku suka cika takalman baƙi. Da suka iso wani kogi mai ruri, giwa ta ga gadar gora tana lilo, ta ja da baya, aka yi juyin duniya ta ƙi.

Mahidar ya ce, "Ina babbar hanyar?"

Waziri ya ce, "Ita ce wannan, babban baƙo. Kowace damina kogi yakan tafi da gadar, mutanen kwari su sake saƙa ta."

Suka bar giwa nan, suka haye gadar da ƙafa, suka hau dawakai. Gaba kaɗan suka tarar gefen dutse ya zaftare ya binne hanya, manoma na ta kwashe ƙasa da kwanduna. Da suka wuce inda itatuwa ke ƙarewa, dawakai ma suka gaza, sai wasu shanu masu dogon gashi suka ɗauki kaya. Numfashin jakada ya fara sarƙewa, leɓensa ya yi shuɗi. Dab da mashigi dusar ƙanƙara ta sauko, jakada ya yanke jiki ya faɗi.

Waziri ya san mutuwar jakada yaƙi ce. Ya tuɓe rigarsa ta ulu ya lulluɓe shi, ya kira makiyaya. Suka haƙa hanya, suka goya shi zuwa bukkarsu, suka ɗura masa shayi mai man shanu da gishiri har ya farfaɗo.

Da ya buɗe ido, Waziri ya nuna masa wata tsaga tsakanin duwatsu ya ce, "Ga mashigin can, mun ba ku. Sai dai ka gaya wa sarkinka, ba ya zama a buɗe da kansa. In giwayenku suka zo, mutanenmu ba za su ɗaga ko wuƙa ba. Hannu kawai za su naɗe. Kafin shekara ta zagayo, babu gada, babu hanya, babu gishiri a miyarku."

Mahidar ya dubi tsagar nan. Can ya ce, "Me ya hana ka bar ni in mutu?"

Waziri ya ce, "To wa zai kai labari?"

Jakada ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya koma gida ya faɗi abin da idonsa ya gani, Sarkin Kudu ya janye maganarsa. Aka haɗu a bakin kogi aka yi rantsuwa: fataken kudu su wuce lafiya, mashigi ya zauna hannun masu shi.

Sarki Tobden ya tara jama'a zai yi wa Waziri kyauta. Waziri ya roƙi a ba mutanen kowane hawa na ƙasar kujera a majalisa, daga masu saƙa gada har makiyaya, aka kuwa yi. Ranar zaman farko, wani tsohon makiyayi ya shigo fada yana warin hayaƙi, ya zauna kusa da Sarkin Yaƙi, ya ce a buɗe taga, zafin garin nan zai kashe shi.