Kaza da Tokar Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gwaggona Tabawa ce ta fara ba ni wannan, muna ɓarar gyaɗa. Ɗanliti, cire yatsa daga hanci ka saurara.

Wata Kaza ce ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki huɗu, ga Shirwa kullum tana shawagi a saman gidan. Tsoro ya hana Kaza fita kiwo, tana maƙale da su a ƙarƙashin rumbu, duk sun rame.

Rannan Gizo ya fito daga bayan murhu, fari fat da toka. Ya ce mata ai Shirwa ba ta ganin abin da aka shafa wa toka, manyan kaji duk sun sani, ɓoyewa suke yi.

"Dube ni, Yaya Kaza. Tun da nake birgima a toka, Shirwa ta taɓa ɗaukata?"

Tsohuwar Agwagwa, maƙwabciyarta, ta ce ita dai ba ta taɓa jin haka ba, a bi a hankali. Amma Kaza ta gaji da kukan yunwa. Ta turbuɗe 'ya'yanta da toka, ta fito da su fili.

Shirwa ta sauko, fyau, ta ɗauke ɗaya. Gizo ya ce tokar ce ba ta ji ba. Kaza ta ƙara.

Shirwa ta dawo, fyau, ta ɗauke na biyu. Gizo ya ce bakin Agwagwa ne ya karya maganin. Kaza ta daina gaida Agwagwa.

Shirwa ta sake dawowa, fyau, ta ɗauke na uku. Gizo ya ce ta ma gode, ba don tokar ba da har na huɗun an tafi da shi.

Kaza ta tsaya tana duban gashin da ya zube a ƙasa. Can ta ɗago kai.

"Gizo, danginka da ba sa shiga toka fa? Shirwa ta taɓa ɗaukar ko ɗaya?"

Gizo ya ce ya ji kamar Ƙoƙi matarsa tana kiransa. Ya kama zarensa ya haye katanga. Shirwa ba ta cin gizo, yara, da toka ko babu.

To ku ji. Ba kowace baƙuwar magana ce ƙarya ba. Amma mutumin da in abu ya yi kyau shi ya faɗa, in ya ɓaci laifin wani ne, ba yadda za a yi maganarsa ta faɗi, ku guje shi. Ku tambaya tun kafin a yi asara, ba bayanta ba.

Da gari ya waye, Kaza ta kakkaɓe wa autan tokar jikinsa, ta je ta gaida Agwagwa, ta koma kiwo a gindin rumbu. Ta tono tsutsa, sai da ta raba ta huɗu sannan ta tuna.

Ƙungurus kan kusu. Ku tashi ku kwanta.