Yadda Ƙuma Ya Kuɓuce wa Jatau Mahauci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai susa ya dakata da susa.

Ƙuma ne dai, ɗan mitsitsi, baƙi ƙirin, amma cikinsa kamar rijiya. Yana zaune a ƙeyar Kyanwa, a gidan wani mahauci da ake kira Jatau. Ci a nan, kwana a nan. Sai dai Kyanwa 'yar tsafta ce, wuni take tana lasar jiki. Ƙuma ya kafa baki ke nan, sai ga harshe, ya yi tsalle. Ya sake kafa baki, sai ga harshe, ya yi tsalle.

Rannan ya ce, "Uwar ɗakina, wai ba kya gajiya da wanka?"

Kyanwa ta ce, "Kai kana gajiya da cizo?"

Ya ce, "Ai jinin naki ma salam yake, duk ɓera da ƙadangare."

Ta ce, "Ga hanya nan."

Ƙuma ya duba, sai ya hango Karen gidan kwance a inuwa, ya yi ɓul-ɓul saboda cin ƙashi. Tsalle ɗaya, sai ga shi a kunnensa.

Ya ce, "Salamu alaikum, namijin duniya."

Kare ya ce, "Wane ne a kunnena?"

"Wanzami ne. Tun daga nesa na ga mataccen jini ya cika maka jiki. Ba ka jin kasala da rana tsaka?"

"Ina ji."

"Ba ka zaro harshe kana haki?"

"Wallahi ina yi!"

"To shi ne. Ƙaho za a yi maka."

Kare ya ce, "Ina ƙahon?"

Ƙuma ya ce, "A bakina yake, da shi aka haife ni."

Kare ya miƙe ƙafafu, Ƙuma ya kama aiki. Ya sha, ya sha, ya sha. Kare ya ce, "Wanzam, ƙaiƙayi!" Ƙuma ya ce, "Ciwon ne ke fita." Kashegari ya aika wa dangi, ƙanne da kawunnai da surukai, kowa ya zo da ƙahonsa. Kare ya yi susa da ƙafa, ya yi da haƙori, ya yi birgima a toka. Ya ce, "Wanzam, ƙaiƙayi!" Suka haɗa baki: "Ciwon ne ke fita!"

Da Ƙuma mai godiya ne, da tatsuniya ta ƙare a nan. Amma ranar kasuwa da hantsi, Kare ya bi maigidansa rumfa, sai Ƙuma ya ga Jatau yana cin tsire, yana korawa da fura da nono. Ya haɗiyi yawu, ya ce, "In jinin mai cin ƙashi ya yi wannan daɗi, ina ga na mai cin tsoka?"

Wani tsohon kawunsa ya ce, "Kul, ɗana! Kyanwa harshe gare ta, Kare ƙafa gare shi, amma ɗan'adam yatsa goma ne da shi."

Ƙuma ya ce, "Ni kuma tsalle gare ni, Kawu."

Sai ya dira, ya bi ƙafar wandon Jatau, ya haye har ƙugu, ya kafa baki. Kai, zaƙi! Ya sha, ya sha, ya sha, har ciki ya rinjaye shi. Jatau ya lashi yatsa, ya kai hannu. Ƙuma ya yunƙura zai yi tsalle, ina! Caraf, aka kama shi, aka sa shi tsakanin farce biyu.

Ƙuma ya ƙwala ihu, "Ranka ya daɗe, Sarkin Fawa!"

Jatau ba sarkin fawa ba ne, amma sunan ya yi masa daɗi, sai ya dakata.

Ƙuma ya ce, "Shekara nawa kana fawa?"

Jatau ya ce, "Talatin."

"Ka taɓa kashe dabba ba yanka?"

"A'uzu billahi! Ni?"

"To ga shi za ka murtsuke ni da farce a gaban jama'a. Gobe a ce Jatau ya fara harkar mushe. Wa zai ƙara sayen namanka?"

Wata tsohuwa mai suna Tabawa, da ta zo sayen hanta, ta ce, "Gaskiya ƙwaron nan ya faɗa. Ni dai ba na cin mushe." Ta fara mayar da ƙwaryarta ka.

Jatau ya ce, "Tsaya, Iya, yanzu za ki ga yanka!"

Ya danne Ƙuma da babban yatsa a kan tebur, ya jawo wuƙa, ya goga ta a dutse. Ƙuma ya ce ba ta yi kaifi ba, Jatau ya ƙara gogawa. Ƙuma ya ce ba nan ne gabas ba, Jatau ya juya da shi. Duk wannan jan lokaci kuwa, cikin Ƙuma yana sacewa. Jama'a suka taru, kowa yana miƙa wuya.

Jatau ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Kai, ina wuyan naka?"

Ƙuma ya ce, "Ai ka danne shi, ranka ya daɗe. Ɗan ɗaga yatsa ka gani."

Jatau ya ɗaga. Tsalle ɗaya, sai ga Ƙuma a kan zariyar wandonsa. Jama'a suka ce, "Ga shi nan! Ga shi nan a zariya!" Jatau ya kai wuƙa, shaf! Zariya ta tsinke, wando ya zube ƙasa. Allah ya so shi rigarsa doguwa ce. Ya yar da wuƙa, ya tattaro wando da hannu biyu, kasuwa ta kece da dariya, Tabawa har da zama daɓas. Ƙuma kuwa tuni ya haye jakin wani mai gishiri, ya nufi gari na gaba yana sakace haƙori.

Ƙurunƙus kan ɗan ƙuma! In ka kama ƙuma, kada ka tsaya jin ta bakinsa. In kuwa lallai sai ka yanka shi, to ka fara ɗaura zariya biyu.